Bayan Gobara: Yadda Ɗan Kasuwa Zai Dogara Ga Allah Ya Sake Miƙewa

Daga shigowar hunturu har zuwa ƙarshen bazara, hankalin 'yan kasuwa ba ya kwanciya, domin a wannan tsakanin ne gobara ta fi yin ɓarna. Komai ya bushe, iska na kaɗawa, rumfuna a cunkushe, wayoyin lantarki sun sarƙe da juna, ga jarkokin fetur da ake ajiyewa saboda janareta. A watan Maris na 2016 wuta ta tashi cikin dare a Kasuwar Sabon Gari ta Kano, wadda ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, ta cinye dubban shaguna. A 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone a watan Janairu, ta Katsina ta biyo baya a watan Maris. Mutanen Jos har yau suna maganar kasuwar Taminus da ta ƙone a 2002, dattawan Yamai kuma ba su manta da gobarar da ta cinye Babbar Kasuwarsu a 1982 ba.

Wanda ya taɓa shiga kasuwa washegarin gobara ya san abin da ido ke gani. Kwanon rufi ya nannaɗe ya zube ƙasa, ƙofofin ƙarfe sun lanƙwashe, kwado yana nan a kulle a jikin ƙofar da babu komai a bayanta. Dilar atamfa ta yi baƙi ƙirin daga waje, in an farke ta sai hayaƙi ya taso daga ciki. Ga magidanci a tsugune yana tona toka da sanda, ko zai ci karo da littafin da yake rubuta waɗanda yake bin bashi. Jama'a na wucewa suna yi masa jaje: “Allah ya mayar da alheri.” Bakinsa yana cewa amin, zuciyarsa tana tambayar ta ina.

Wannan addu'a gaskiya ce, Allah yana fitar da alheri daga cikin tsanani. Sai dai dogaro gare shi a irin wannan hali aiki ne da ake yi da zuciya da harshe da ƙafafu, kuma yana da tsari. Shawarwarin da ke tafe na rubuta su ne don wanda gobara ta ci shagonsa, amma manomin da ambaliya ta shanye gonarsa, da direban da motarsa ta yi haɗari, da ma'aikacin da aka sallama, kowa zai samu nasa a ciki.

Kwanakin farko: ka bar zuciya ta ji zafi, ka tsare harshe

Kada ka bari wani ya ce maka zubar da hawaye rashin imani ne. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, amma kukansa ga Allah yake kai shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, bai kuma faɗi abin da zai saɓa wa Ubangijinsa ba. Wannan ita ce iyakar. Ka yi istirja'i, ka yi alwala, ka yi salla, ka faɗa wa Allah damuwarka cikin sujada da harshen da ka fi iyawa. Abin da za ka guje wa shi ne kalaman fushi da hukuncin Allah, irin su “me na yi wa Allah” da “ni kaɗai ya gani.”

A cikin makon farko kada ka yanke wani babban hukunci. Kada ka sayar da gida, kada ka saki mace, kada ka tattara ka bar gari. Mutumin da bai yi barci ba kwana uku ba ya ganin abu daidai. Ka ci abinci ko ba ka jin daɗinsa, ka riƙa salla cikin jam'i don kada ka keɓe kanka. In kana da hawan jini ko ciwon suga, ka je a auna ka, domin irin wannan firgici yana kayar da mutum. Idan kuwa tunanin halaka kai ya fara zuwa maka, ka faɗa wa wani amini ko limaminku a ranar, ku je wurin likita tare. Neman magani yana cikin dogaro ga Allah.

Ka rufe ƙofar zargi da ta “da na sani”

Abu biyu ne ke cinye mai asara fiye da asarar kanta. Na farko shi ne juya abin da ya wuce a rai: da na kwashe kayan zuwa sito, da ban saro sabon kaya a makon ba, da na kai kuɗin banki da yamma. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce, a baya take. Manzon Allah ya hana mu wannan tunani, ya nuna cewa ƙofa ce da Shaiɗan ke shigowa ta cikinta. Ka ɗauki darasin da ke ciki, ka rubuta shi don gaba, sauran ka bar wa ƙaddara.

Na biyu shi ne neman wanda za a ɗora wa laifi. A irin wannan lokaci ne masu kai gulma ke zuwa su ce ai hassadar maƙwabcinka ce, ko kishiyar mahaifiyarka ce ta yi maka sammu, ga wani malami a ƙauye kaza da zai duba maka. Wanda ya bi wannan hanya zai rasa ɗan abin da ya rage a hannunsa wajen sayen baƙin bunsuru da turare, ya rasa zumuncinsa, ya kuma jefa imaninsa cikin haɗari. Idan akwai hujjar cewa sakacin wani ne ya jawo wutar, shugabannin kasuwa da hukumar kashe gobara da kotu suna nan, a bi ta hannunsu. Abin da babu hujja a kansa zato ne, kuma zato ba ya dawo da turmi ɗaya na atamfa.

Ka zauna da iyalinka

Maza da yawa sukan ɓoye wa matansu girman asarar, suna ganin hakan ne jarumta. Sai a ci gaba da cefane yadda aka saba, maigida yana cin bashi a ɓoye, har ranar da asiri zai tonu. Ka kira uwargida ka faɗa mata yadda abin yake, ka zauna da manyan 'ya'yanka. Ku duba tare abin da za a rage: cefane, anko, kuɗin mota, da ko za a sauya wa yara makaranta na ɗan lokaci. In an sa ranar biki, ka je wurin surukai da kanka ka nemi a ɗaga ko a taƙaita. Mutanen kirki za su fahimta.

Sau da yawa mace takan cire sarƙarta ta gwal ko ta kawo kuɗin adashinta ta ce, “Maigida, ga wannan ka juya.” Dukiyarta ce, ba ta zama taka don kana mijinta ba. Ka tambaye ta a fili ko kyauta ce ko rance. In rance ne ka rubuta, ka sa shaida, ka biya da zarar ka samu. Kada kuma ka matsa wa wadda ba ta kawo da kanta ba.

Ka yi lissafi, ka riga masu binka bashi zuwa

Nan ne ake gane wanda ya dogara ga Allah da gaske. Ka samu sabon littafi ka rubuta abu uku: abin da ya rage maka, abin da kake bin mutane, da abin da ake binka. In littafin bashi ya ƙone, ka duba saƙonnin wayarka da bayanin asusunka na banki, ka tambayi yaran shago, za ka tuna da yawa. Akwai wanda zai ce ai komai ya ƙone, ya ɓoye dila biyu da ke gida, ya yi wa ubangidansa rantsuwa a kan ƙarya. Wanda ya yi haka ya nuna bai yarda Allah zai ciyar da shi ta hanyar halal ba.

Kada ka kashe waya, kada ka sauya hanya don gudun haɗuwa da wanda ya ba ka kaya. Ka je ka same shi a rumfarsa ko a zaurensa, ka gaishe shi, ka ce: “Alhaji, ka dai ji abin da Allah ya jarrabe mu da shi. Kayanka dila huɗu ne a wurina. Biyu na sayar, ga kuɗinsu. Biyu sun ƙone. Ina roƙon ka ɗaga mini ƙafa zuwa bayan Salla, in riƙa kawo abin da ya samu duk wata.” Kasuwanninmu, tun daga Kantin Kwari har Dawanau, a kan amana suke tafiya. Kayan miliyoyi ake bai wa mutum da baki kawai. Attajirin da ya ga ka kawo masa kuɗinsa a ranar da kake da hujjar riƙewa, shi ne zai fara tunanin sake ba ka kaya.

Ka kuma san matsayin kowace dukiya a shari'a. Kayan da ka saya bashi suna wuyanka ko da sun ƙone. Kayan da aka ba ka ajiya, in sun halaka ba tare da sakacinka ba, ba a ɗora maka biyansu. Jarin da wani ya ba ka ka juya ku raba riba, wato ƙiradi, asararsa tana kan mai jarin matuƙar ba ka yi ganganci ba, kai kuma ka yi asarar wahalarka. Ku je gaban malamin da ya san fiƙihun ciniki ya warware muku, ku rubuta abin da kuka daidaita a kai. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Kafin ita da kaɗan kuma an umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi.

Ka nisanci bashin ruwa, musamman manhajojin bashi na waya da ke ba mutum kuɗi cikin minti biyar, in ya makara su aika wa duk lambobin da ke wayarsa saƙon tozarci. Wanda ya shiga hannunsu ya fita daga wuta ɗaya ya faɗa wata.

Ka karɓi taimako ba tare da jin kunya ba

Akwai dattawan da girman kai ko kunya ke hana su faɗar halin da suke ciki. Addini bai ɗora maka wannan nauyi ba. A cikin mutanen da Manzon Allah ya halatta wa neman taimako akwai wanda masifa ta shafe dukiyarsa, har ya samu abin da zai tsaya da ƙafafunsa. Masu bashin da ya fi ƙarfinsu kuma suna cikin rukunai takwas da Suratut Tauba ta ce a bai wa zakka. Don haka ka sa sunanka a jerin da shugabannin kasuwa ke haɗawa, ka ɗauki hoton shagonka, ka adana takardar haya da duk rasit ɗin da ya tsira. Ka kai bayaninka ga hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, da hukumar zakka inda ake da ita, kamar Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano. Ka faɗi asararka yadda take, kada ka ƙara ko sisi.

Sai dai kada ka zauna jiran tallafi. Yakan yi jinkiri, yakan zo kaɗan, wani lokaci ma ba ya zuwa. In ya zo ka gode wa Allah ka gode wa wanda ya kawo, in bai zo ba kada ranka ya ɓaci har ka daina motsi.

Ka koma kasuwa ko da a kan tebur ne

Sahabi Abdurrahman bin Auf ya isa Madina bayan hijira ba shi da komai, dukiyarsa tana Makka. Manzon Allah ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsa da Sa'ad bin Rabi'u, wanda ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi kawai a nuna masa hanyar kasuwa. Ya fita, ya dawo da 'yar ribar cuku da man shanu. Daga wannan ƙaramin ciniki ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran sahabbai. Abin da ya taho da shi daga Makka shi ne sanin ciniki da gaskiya, kai ma kana da su.

Ka san kaya, ka san farashi, ka san inda ake sarowa, kuma lambobin abokan cinikinka suna wayarka. Ka kira su ka gaya musu inda za su same ka yanzu. Ka roƙi wani ya ba ka gefen rumfarsa ka kafa tebur. Ka yi dillanci ka karɓi la'ada. Ka ɗauki turmi biyar a wurin maƙwabci da safe, ka sayar ka kawo masa kuɗinsa da yamma. In ta kama ka zauna a shagon yaron da kai ka yaye shi, ka zauna, babu faɗuwar girma a neman halal. Masu magana sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Nana Hajara ma, da ruwa ya ƙare mata a kwarin Makka, ta tabbata Allah ba zai tozarta su ba, amma ta yi ta kai da komo tsakanin Safa da Marwa har sau bakwai. Ruwan Zamzam kuma a wurin da ta ajiye jaririnta Isma'il ya ɓuɓɓugo, inda ba ta nufa da gudunta ba. Kai ma ka yi ta kai da komo, ka bar wa Allah zaɓen ƙofar da arziki zai shigo.

Kada ka yanka wa Allah lokaci ko irin alherin da zai ba ka

Wannan ita ce shawarar da ta fi wuya. Mutane da yawa sukan yi haƙuri da sharaɗi a zuci: na yi dangana, to nan da shekara Allah zai ba ni shago biyu. In shekara ta zagayo yana nan a kan teburinsa, sai ya fara ganin an yi masa alkawari ba a cika ba. Allah ya yi alkawarin lada ga mai haƙuri da mafita ga mai tsoronsa, amma bai ba mu zaɓen rana ko kamar abin ba. Annabi Yusuf ya bi ta rijiya da bauta da kurkuku na shekaru kafin a damƙa masa taskokin Masar. Ummu Salama, da mijinta Abu Salama ya rasu, ta roƙi Allah ya ba ta lada ya musanya mata da mafi alheri, tana mamakin wa zai fi shi a wurinta, sai ga shi Manzon Allah ne ya aure ta.

Ka dubi kuma labarin jirgin ruwan nan na Suratul Kahfi da muke karantawa duk Juma'a. Wasu talakawa ne ke neman abinci da shi, bawan Allah Halliru ya huda shi. Daga baya ya bayyana wa Annabi Musa cewa akwai sarki a gabansu da ke ƙwace kowane jirgi mai lafiya. Annabi Musa ne aka yi wa wannan bayani. Alƙur'ani bai ce an yi wa masu jirgin ba. Mai yiwuwa sun koma gida suna jimamin ɓarnar da aka yi musu, alhali ita ce ta tsare musu sana'arsu. Akwai alherin da za ka gani da idonka, akwai wanda sai a lahira za ka san da shi.

Wani gobara ce ta raba shi da cinikin da ke cakuɗe da algus. Wani a lokacin ne ya gane su waye 'yan'uwansa na gaske. Wani ɗansa da ke yawon banza ya natsu ya kama sana'a ganin halin da gida ya shiga. Wani kuma bai sake yin kuɗi kamar da ba har ya koma ga Allah, amma ya koma babu hakkin kowa a kansa, sallarsa ta gyaru, zuciyarsa ta yi laushi. Kada ka raina irin wannan. Kada kuma ka yanke cewa asarar alama ce ta fushin Allah a kanka, domin annabawa sun fi kowa shan jarrabawa. Ka yawaita istigfari don kowa na buƙatarsa, ka ci gaba da kyautata wa Ubangijinka zato, ka riƙa sadaka ko da ta naira ɗari ce don kada hannunka ya manta da bayarwa.

Idan ka sake miƙewa, ka yi rigakafi

Annabi Yakubu, da zai tura 'ya'yansa Masar, ya umarce su su shiga ta ƙofofi daban-daban, yana mai tabbatar musu cewa hukunci na Allah ne shi kaɗai. Ya haɗa taka-tsantsan da tawakkali a zance guda. Kai ma kada ka sake tara duk jarinka a ɗaki ɗaya. Ka raba kaya tsakanin shago da sito, kuɗin ciniki kuma su kwana a banki. Ka ɗauki hoton littafin bashinka da waya duk ƙarshen mako. Ka kira ƙwararren mai gyaran wuta ya ja maka waya mai kyau, ka kashe komai daga babban makunni kafin ka rufe, domin gobarar kasuwa da yawa cikin dare take tashi. Kada fetur ya kwana a shago, ka sayi tukunyar kashe gobara ka koya wa yaranka amfani da ita. Ku matsa wa shugabanninku a buɗe hanyoyin da aka toshe da tebura da baro, don motar kashe gobara ta samu wurin shiga. Ka kuma bincika tsarin takaful, wato inshorar Musulunci da aka gina kan taimakekeniya, wadda hukumar kula da inshora ta Najeriya, NAICOM, ta fitar wa ƙa'idoji a 2013, ka tambayi malamai da masana kafin ka shiga.

Kai da shagonka ya tsira

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, amma ka fara taya shi kashe nasa. Ta hannun mutane ne Allah ke sauko da mafi yawan sauƙin da yake yi wa bayinsa, kuma mai yiwuwa kai ne aka zaɓa. In yana binka bashi, ka kai masa yau ko da littafinsa ya ƙone kuma ya manta. In kai ke binsa, ka ɗaga masa ƙafa, in da hali ka yafe wani abu. Ka matsa masa gefe a rumfarka, ka ba shi kaya ya sayar ya kawo uwar kuɗi. Kada ka janye abokan cinikinsa yana cikin wannan hali. Ka kai buhun shinkafa gidansa da dare ba tare da kowa ya gani ba, ka bincika ko an kori 'ya'yansa daga makaranta. Wuta ba ta tambayi addini ko ƙabilar kowa ba a Sabon Gari, don haka kai ma kada ka tambaya wajen taimako. Kada kuma ka yi masa wa'azin haƙuri kana riƙe da abin da zai sauƙaƙa masa haƙurin. Allah ya kiyaye kasuwanninmu da gidajenmu, ya ba waɗanda aka jarraba ikon cin jarrabawa, ya sa mu zama sanadin sauƙi ga junanmu.